Rediyon Gidanmu Ta Yi Shiru

Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya Inna da ciwon ƙafarta? Baba ya daina hawa tsani da kansa kuwa? Ki shafa min kan 'yan biyu.

Ni lafiya ƙalau nake, kada ku damu. Ɗakina ƙarami ne amma da taga, abinci kuma ana ci. Yaren nan ne dai yake ba ni wuya. A takarda ina ganewa, amma da malama ta buɗe baki sai in ji kamar ruwan sama a kan kwano. In 'yan aji suka yi dariya nakan taya su. Sai na koma ɗaki na saurari darasin da na ɗauka a waya nake sanin abin da ya ba mu dariya.

Ƙarshen wata akwai jarrabawar baka, sai wanda ya ci zai ci gaba da karatu. Ki ce Inna ta sa ni a addu'a, amma kada ki faɗa mata dalili.

Jiya malama ta ce ba ta taɓa koyar da ɗaliba mai shiru-shiru kamata ba. Ni fa, Yaya! Ni da Baba yake cewa a cire min batir in zai ji labarai.

Roƙona ɗaya. In an taru cin abinci, ki ajiye waya a gefe ki ɗaukar min surutun gidan. Kada su sani, kar su gyara murya. Ko faɗan Inna ne ina so. Zan ba ta amsa daga nan.

Ƙanwarki,
Rediyo