Wa Ya Yi Masa Wanka?

Hor Al Anz, Dubai
Yuli 2019

Zuwa ga Yaya Sanda,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa gare ka da Hajiya, ya ƙarin haƙurinmu?

A waya kuka ya hana ni yi maka bayani, shi ya sa na rubuta, na ba Sabo mai harkar jigilar kaya ya kawo.

Dutsen da ƙanenka ya je yana arewacin Pakistan. Ka san tun da abokan aikinsa suka ja shi hawan duwatsun Rasul Khaima na nan ƙasar abin ya shiga ransa. Kullum da jaka a baya yana hawa da sauka a benenmu, har maƙwabta suna tambayarsa ko lif ce ta lalace. Ya taɓa ce mini a can Pakistan ɗin sai an yi tafiyar kwanaki a kan kogin da ya daskare tun kafin kakanninmu. Ba itace, ba ciyawa, sai awakin dutse masu dogon ƙaho, da wata farar damisa da sawunta kawai ake gani.

Ƙanƙarar nan tana da tsaga masu zurfi, sabuwa kan zubo ta rufe bakinsu. A hanyar saukowa ya taka ɗaya, igiyar da ta haɗa shi da ɗan jagora ta tsinke. An zura mutum har inda igiya ta ƙare, bai hango ƙasan ramin ba.

Ba a samo shi ba, Yaya, kuma sun ce ba za a samo ba. Na shiga takaba bisa shaidar musulmi biyu da ke wurin, kamar yadda limaminmu ya ba ni fatawa.

Allah Ya jiƙansa. Ka huta lafiya.

Ƙanwarka, Khairunnisa

*

Gwammaja, Kano
Agusta 2019

Maman Mariya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso. Na sha gaya wa Mubashir, mutum da furfura da 'ya budurwa, me zai ɗauko a kan dutse? To, ya wuce. Mun yi masa salla a nan ba gawa.

Ga abin da nake so ki riƙe. Kin san Hajiya ce mai wanke mamatan matan unguwar nan tun muna yara. Da labari ya zo ba ta tambayi yadda ya rasu ba, cewa ta yi wa ya yi masa wanka. Na dubi tsohuwar nan da hawan jininta, na ce mata an samo shi, musulmin ƙauyen sun yi masa sutura, sun rufe shi a maƙabartarsu a gindin bishiya. Sai a ranar ta ci abinci.

Yanzu ta ce sai ta ji daga gare ki, wai ke ba kya ƙarya. Layi biyu kawai za ki rubuta mata. In da zunubi, yana wuyana.

A gaida Mariya.

Sanda

*

Hor Al Anz
Oktoba 2019

Yaya Sanda,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, kuma ka gafarce ni da jinkirin amsa. Na ɗauki biro na ajiye ban san sau nawa ba.

Gulam, ɗan jagoran, ya zo Dubai wurin ɗan'uwansa direban tasi, ya kawo mana jakar Baban Mariya. A bakin ƙofa ya tsuguna, ya ƙi shigowa, maƙwabciyarmu tana yi mana tafinta ta bayan labule. Na ce ya faɗa mini gaskiya, ya sha wahala? Ya ce sun ji muryarsa daga ƙasa, can nesa. Shi kuma ya kwanta rub da ciki a bakin ramin yana laƙƙana masa kalmar shahada, yana jin yana amsawa, har ya daina.

Mariya ce ta tambaye shi ko haka zai tabbata a ciki. Ya ce a'a, ƙanƙarar tafiya take yi a hankali. Wata rana za ta fito da shi a gindin dutsen da kayan jikinsa, bai canza ba, wataƙila bayan babu ko ɗayanmu. Tun ranar ba wanda ya buɗe saman firij, inda ƙanƙara take, a gidan nan.

Na san tausayi ne ya sa ka faɗi abin da ka faɗa, ban kuma ga laifinka ba. Amma zunubin alƙalamina ba zai koma wuyanka ba, Yaya. Ba zan ƙaryata ka ba, ba zan kuma gaskata ba. Shiru zan yi, in har ba ita ta tambaye ni ba.

Allah Ya bar zumunci.

Khairunnisa

*

Gwammaja
Rabi'ul Awwal

'Yata Khairunnisa,

Sallama da gaisuwa, da ke da jikata. Da hannuna na rubuta wannan da ajami, na ba Sabo a ɓoye.

Shirunki ya yi yawa. Sanda ya ce an rufe yaron nan a gindin bishiya. Na ce wace bishiya, ranar ya ce zaitun, jiya ya ce dabino. Ni na haifi Sanda.

Na wanke 'ya'yan mutane da yawa, ban taɓa gaggawa a kan ko ɗaya ba, ina roƙon Allah Ya ba nawa mai yi musu haka. Ki faɗa mini, wa ya yi masa? An fara da dama? An sa kafur? Fuskarsa tana kallon alƙibla? In likkafani ne ba su da shi, nawa na Makka yana nan a adaka.

Kada ki ji tsoron ciwona. Allah Ya yi miki albarka.

Uwarki, Sabuwa

*

Hor Al Anz
Disamba 2019

Hajiya,

Wa alaikumus salam. Ina durƙushe ina gaishe ki.

Ba wanda ya yi masa wanka. Ba kafur, ba likkafani, kuma ban san inda fuskarsa take kallo ba. Yana can cikin ƙanƙara inda hannu bai kai ba. Ya cika da shahada, akwai wanda ya ji da kunnensa.

Kada ki yi fushi da Yaya, tsoron rasa ki ne.

Ke kika koya mini addu'ar mamaci, inda ake cewa Allah Ya wanke shi da ruwa da ƙanƙara da raɓa. Shekaru ina karanta ta ban taɓa tsayawa a wurin ba. Yanzu a nan nake tsayawa, ba na iya wucewa.

Ki bar likkafaninki a adaka. Na gama takaba, muna tafe ni da Mariya.

'Yarki, Khairunnisa