Abin da Akawu Ya Rubuta a Takardar Jirgi

Zuwa ga mahaifina,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Shekara huɗu ke nan da muka kwantar da kai a Kagoma, amma akwai maganar da na riƙe, ta hana ni sakat. Maganar Jirgi ce.

Ai ba za ka manta da ita ba, 'yar goɗiyar Alhajin da kake wa kiwon dawaki a Kafanchan. Wani Baturen reluwe ne ya bar masa uwarta da ciki da zai koma ƙasarsu. Jinin sukuwa ce zalla, takardar asalinta ta fi ta haihuwata tsawo. Kai ka karɓi haihuwarta, kai ka yi ta kore mata tsando da hayaƙi har ta shekara uku, a ƙasar da doki ba ya daɗewa.

Hausarka, Baba, ba ta san "ita" ba. Mama "shi", akuya "shi", ni ma "shi". Ni kuwa da na gama kwalejin malamai sai na mai da gyaran bakinka sana'a. Ran da za mu kai Jirgi tserenta na farko a Kaduna, na gyara maka magana gaban abokanka a tasha, suka kwashe da dariya. Ka ce, "Na sa ka makaranta don ka kama mini baki?" Na yi fushi, na ce a raina daga yau na daina.

Ka san abin da Alhaji ya faɗa: in ta ci, kai da ita har tsufa, in aka ba shi kunya, ka nemi wani aikin.

A filin sukuwa ka ja ni teburin rajista domin in karanta maka takarda. Akawu yana tambaya, kana cewa shi yana da gudu, shi bai taɓa ciwo ba. Ina kallo alƙalaminsa ya rubuta "ingarma". Na gani sarai, Baba. Ka waigo ka tambaye ni ko daidai ne, na gyaɗa kai.

Da aka jera su, ita kaɗai mace cikin maza, wani baƙin doki yana ta kai mata cizo. Teburin nan bai fi taku ashirin ba, amma ban je na gyara ba. Aka sauke tuta. A kwanar ƙarshe ta fito ta gefe, ta wuce su da tsawon jikinta, ka jefa hularka sama kana ihu da yarenmu.

Sai alƙalan tsere suka zo duba ta da takardar a hannu. Ɗaya ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashinta, ya miƙe, ya yafito ɗan'uwansa. Suka soke nasarar, suka ce an yi musanyar doki. Alhaji ya sallame ka tun kafin mu iso Kafanchan.

Ta ci tsere bayan tsere a hannun wani, daga baya ta haifi 'ya'ya biyu masu gudu irin nata. Kai ka koma noman doya, in aka ambaci sunanta ka tashi daga wurin. Har ka rasu kana cewa bakinka ne ya cuce ka, ni kuwa ina zaune ina ji.

Ba bakinka ba ne, Babana. Nawa ne, da na rufe shi.

Ubangiji ya ba ka hutawa a wurinsa, ya gafarta mini abin da ban ba ka damar gafarta mini ba.

'Yarka,
Saratu