Rasuwar Malam Sannu-Sannu da Saƙon da Bai Kamata Mu Aika Ba

Cikin alhini, da kunyar da ta hana mu ɗaga kai, Ƙungiyar Masu Kula da Manhajar Zare da Allura take sanar da membobinta da dukkan teloli masu amfani da manhajar cewa labarin rasuwar babanmu kuma malaminmu, Alhaji Malam Sannu-Sannu, ya iso gare mu, kuma a makare ya iso. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Manhajarmu ta fitar da zanen yankan tufafi ce, kyauta ake ba da ita, kuma duk mai so yana iya aiko da gyara, mu duba mu shigar. Marigayi tsohon malamin firamare ne, kuma tun da ya yi ritaya ya ɗauki jagorar amfani, wato bayanin da ke koya wa sabon shiga yadda zai kama aiki, ya mai da ita tasa. Yakan ɗora kwamfutarsa a kan teburin yanka, kusa da keken ɗinkin maiɗakinsa, Hajiya, ya ce ta bi bayanin daki-daki, shi kuwa ya naɗe hannu yana kallonta. Duk inda ta tsaya ta ja tsaki, nan zai sake rubutawa. Yakan tsokane mu da cewa tsakin Hajiya ne shugaban sashensa. Ni mai wannan rubutu karatuna bai yi nisa ba, kuma da bayaninsa na fara yanka hannun rigar da bai karkace ba.

Akwai abin da ya zama dole mu faɗa a bainar jama'a, domin a bainar jama'a muka yi shi. Gyaransa na ƙarshe, kan yadda ake fitar da wuyan riga, ya daɗe a shafinmu na intanet yana jiran wani cikinmu ya duba, kowa na zaton ɗan'uwansa zai yi. Muna da wani tsari da ke rufe duk gyaran da aka daɗe ba a taɓa ba, ya kuma aika wa mai shi saƙo ba tare da wani ya sa hannu ba. Haka tsarin ya rufe gyaran Malam, saƙon kuma ya ce tun da ya yi shiru, mun ɗauka ya watsar da aikin. A wayarsa ya sauka, wayar kuwa tana hannun Hajiya, ana tsakiyar zaman makoki. Ita ce ta sa ɗiyarsu ta amsa mana a shafin, cewa Malam bai watsar ba, ya rasu ne, kuma har a gadon asibiti yana tambaya ko mun duba.

Ba za mu ɗora wa na'ura laifi ba, mu muka kunna ta, mu muka yi shirun. Mun kashe tsarin, mun sake buɗe gyaran, amma ba mu shigar da shi ba. A ƙarshen gyaran Malam ya rubuta cewa akwai mataki ɗaya da har yanzu Hajiya ke tsayawa a kai, bai faɗi wanne ba. Mun karanta mun sake karantawa, ba mu gano shi ba.

Muna roƙon Allah Ya gafarta masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba Hajiya da 'ya'ya da jikoki juriyar wannan babban rashi. Hajiya, uwarmu, muna neman afuwarki, kuma idan kin hana mu ba mu da bakin magana. Gyaran zai zauna a buɗe da sunan Malam har ranar da kika ga dama ki nuna mana inda kika tsaya.

Maman 'Yan Biyu
Tela, kuma Kakakin Ƙungiyar Masu Kula da Manhajar Zare da Allura