Dija, Kin Ci Doyar Nan Kuwa?

Zuwa ga ƙawata Dija,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da iyalinki a duk inda Allah ya ajiye ki. Ni ce Rahila 'yar Kona, wadda muka yi aji uku tare a firamare a Mayo Gwoi. Ba ni da lambarki, ban san garin da kike ba, shi ya sa na baza wasiƙar nan a fili. Mai leƙawa ya leƙa, ƙila a cikinsu akwai wanda ya san ki.

Tambaya ɗaya ce ta kawo ni, kuma don Allah kada ki yi mini dariya. Doyar da nake ba ki ran Alhamis, kina ci kuwa?

Bari in tuna miki. Lokacin ba a daɗe da ba mu jiha ba, Jalingo ta cika da baƙi, ajinmu ya cika maƙil har wasu a ƙasa suke zama. Da an tashi tara sai kowa ya nemi 'yan yarensu. Mumuye can, mu 'yan Kona nan, ku Fulani a jikin katanga, 'ya'yan ma'aikata kuma suna gefe suna mana Turanci. Abin ya ishi Malama Hannatu, malamar ajinmu, ta ce ita aji ɗaya aka ba ta, ba kasuwa ba.

Sai ta kawo dokar abokin kwano. Duk Alhamis za mu zauna bibbiyu a gindin mangwaro, kowa da wanda yarensu ba ɗaya ba, a yi musayar abinci. Ni aka haɗa da ke, siririya, fara, mai magana kamar ana biyan ki ki yi shiru.

Ke kina kawo dakkere da kindirmo, ni kuwa dafaffiyar doya da manja da yaji. Naki kam ba na masa wasa, har kwanon nake suɗewa. Ke kuma sai ki ɗora nawa a cinya, ki sunkuyar da kai, ki ce, "Mi haari." Wai kin ƙoshi. Wace irin ƙoshi, Dija? Ina jin cikinki yana kuka tun a darasin lissafi!

Sai Bitrus, sarkin surutun ajinmu, ya baza cewa ba kya cin abincin 'yan coci, wai a gida aka hana ki. Na yi kuka ran nan har da majina. Mamata da asuba take tashi ta dafa doyar nan, ita ke zaɓa miki tsakiya, wurin da ya fi gari. Na ji kamar ita kika ture.

Malama ba ta daki kowa ba, ba ta ma kira sunan Bitrus ba. Da Alhamis ta zagayo sai ta ce an sake doka: kowa ya zauna ya jingina bayansa da na abokin kwanonsa, wanda ya waiga shi zai share aji. Aka yi ta dariya. Bitrus ne ya fara waigawa, shi ya yi shara.

Ni ban waiga ba. Ina jin ƙasusuwan bayanki a nawa, ina jin kafaɗarki tana motsi a hankali. Da aka kaɗa ƙararrawa kika miƙo mini kwanon ta gefe, babu komai a ciki. Murna kamar ta kashe ni. Daga nan muka ɗinke, ke kika koya mini kitso, ni na koya miki waƙar gaɗa da yarenmu, kina kwaɓa ta muna dariya. Ajin ma ya sake, har 'yan Turancin nan suka sauko ana carafke da su.

To, ga inda kaina ya ɗaure. Awakin unguwa ba sa rabuwa da gindin mangwaron nan. Kuma akwai ranar da na ga jan mai a bakin ɗankwalinki, inda kike ƙulle abu. Shin ci kike yi? Ko ƙullewa kike ki kai wa ƙannenki a gida, can unguwar Turaki? Ko akuya ce ta yi ta ƙiba da doyar mamata? Wallahi ban sani ba. Kafin in yi wayon tambaya aka yi wa babanki canjin wurin aiki, kuka tashi. Alhamis ta ƙarshe kika kwantar da ƙeyarki a tawa, kika ce, "Useko," wato na gode. Har yau ban san doyar kike gode wa ba, ko rashin waigawata.

Na yi tambaya, kada ki ce ban yi ba. Wata maƙwabciyata Bafulatana ta ce kunya ce, 'yar Fulani ta gwammace yunwa da a ga bakinta yana tauna. Ban gama ajiyar zuciya ba ta ƙara da cewa amma fa tsakanin sa'o'in juna ba a cika yin haka ba. Na je wurin Malama Hannatu kafin Allah ya ɗauke ta, tsohuwar nan dariya kawai ta yi, ta ce, "Kwanon dai ya dawo wayam, ko?" Kin ji fa amsa.

Ba don tsohon zance kawai nake damun ki ba. Yanzu ni ke riƙe da aji uku, kuma na dawo da abokin kwano. Akwai wata Hajara, ke da ita kamar an tsaga kara, kullum sai ta ce ta ƙoshi. Abokiyar kwanonta Ladi ta zo mini da kuka, irin kukan da na yi. Alhamis tana tafe, ni kuma na rasa ta yi. In kunya ce, zan sa su juya wa juna baya, yarinya ta ci abincinta a huta. In kuwa a gida aka ja mata kunne, ashe zan koya mata ɓoye abinci a ɗankwali ne, in koya wa Ladi murnar da ba ta da tushe. Shin abin da aka yi mini ke nan? In ma shi ne, ai murnar nan ce ta ba ni ke, kuma ba zan mayar ba. Kin ga yadda na ruɗe.

Na yi kewarki, Dija. Ko amsar ba mai daɗi ba ce, ki faɗa mini, na girma, zan iya ɗauka. Ina jin dai zan iya.

Allah ya jiƙan Malama Hannatu, ya tsare ki, ya sa wasiƙar nan ta faɗa hannunki. Ya kuma nuna mini ranar da za ki yi sallama a ƙofar gidana. Zan dafa doya, in zaɓa miki tsakiya, in kori awaki, in juya miki baya. Amma wannan karon, ki yafe mini tun yanzu, zan waiga.

Taki har kullum,
Rahila, abokiyar kwanonki