Tamfol ɗin Tagar Mama

Tarauni, Kano.
Yuni, 1999.

Zuwa ga ƙanena Istifanus,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da abokan aikinka na jirgin ruwa a can Fatakwal. Allah ya tsare ka daga sharrin teku, ya dawo mana da kai da ƙafarka. Mu nan da sauƙi. Maigidana yana nan lafiya, 'yata Favour ta fara tafiya har ta addabe ni a kicin. Mama ce ba lafiya, kuma saboda ita na zauna rubuta maka, don haka ka gyara zama.

Tamfol ɗin da ka aiko don tagar ɗakinta ya iso ta hannun Izunna mai kayan mota, wajen lokacin Ista. Gaskiya ka yi aiki. Ka yanka shi daidai da zaren da na auna tagar na aika maka, ka ɗinke bakinsa, ka jera masa ramukan ƙarfe, ga igiya mai kauri. Izunna ya nuna mana yadda kuke yi idan igiyar ruwa ta fasa muku taga: tamfol daga waje, katako a gicciye daga ciki, a ja igiya har ta yi ƙara. Haka muka ɗaura. Ka san idon Mama ya tafi, sai ta yi ta shafa shi tana shinshinawa, ta ce warin gishiri da man jirgi yake yi, warin Istifanus ke nan. Duk matar da ta zo gaishe ta daga coci sai an kai hannunta ta taɓa. Tun da iska ta farfasa gilasan tagar nan bara ban ga Mama cikin farin ciki irin wannan ba.

To, sai Yaya Jonathan. Tun da soja suka ce za su koma bariki ya sayi kujeru da lasifika da janareta yana ba 'yan siyasa haya, yanzu ko gaisuwa sai ka bi shi da gudu. Ranar da aka miƙa mulki sabon kansilan unguwarmu ya shirya taro a nan Tarauni, kuma tun safe hadari yake haɗuwa. Yaya ya shiga ɗakin Mama a Gyadi-Gyadi ya kwance tamfol ɗinka don ya rufe janareta. Maƙwabciyarsu Lami ta ce Mama ta riƙe igiyar tana roƙonsa, ya ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ya ce inji idan ya jiƙa ya mutu, mutum kuwa bushewa yake yi. Ya tsaga kwali ya toshe tagar, ya manna hoton ɗan takara a kai, ya fita.

Da la'asar ruwa ya sauko da iska. Kwalin bai yi ko gardama ba. Gadon Mama yana ƙarƙashin tagar, ƙafafun nan nata kuma ka san ba sa ɗaukarta, gidan duk an tafi kallon taro. Da Lami ta dawo ta same ta zaune cikin ruwa tana karkarwa, hoton ɗan takara ya liƙe mata a zane. Ni ina can wurin taron ina jin lasifikar Yaya tana tashi tar, ana ta murnar talaka ya samu 'yanci. Janareta ko ɗigo bai taɓa shi ba.

Sanyi ya kama ƙirjinta, muka kwana biyu a asibiti, daga nan na dawo da ita gidana. Yaya ya leƙo sau ɗaya da lemo, ya ce ai tsufa ne. Ban taɓa jin na tsani mutum kamar ranar ba, Allah ya gafarta mini. Mama kuwa ba ta da magana sai ta ɗakinta. A can Baba ya cika, can take so ta koma, kuma kullum sai ta tambaya ko an mayar da tamfol ɗin ɗanta.

Ranar Lahadi bayan sujada na biya Gyadi-Gyadi in ɗebo mata kaya. Daga bakin layi na hango tamfol ɗinka a tagar, an ɗaure shi tam yadda ka ce a yi. Na ji sanyi a raina, na ce ashe Yaya yana da sauran kunya. Da na tura ƙofa sai na ga kujerun haya jere har rufi, lasifika a inda gadonta yake. Gadon yana tsakar gida, akwatinta a kai. Yaya ya ce tun da tana jin daɗin gidana ba sai ta dawo ba, kuma in gode maka, tamfol ɗin ba ya yoyo ko kaɗan.

Da na dawo Mama ta ji motsina, ta ce, "Tabita, an mayar?" Na ce an mayar, Mama, an ɗaure shi da kyau. Ta yi murmushi ta ce to in haɗa mata kayanta, da ta ji ƙarfi za ta koma gida. Tun ranar take tilasta wa kanta cin abinci.

Kada ka sake aiko da wani tamfol, Istifanus. Kai ma ka iya toshe rami daga nesa ka yi barcinka. Ka nemi hutu ka zo, ka zauna a gabanta ka gaya mata da bakinka, ni na kasa.

Yarana Mercy da Peter suna gaishe ka, Lami ma ta ce a gaishe ka. Mama ta ce in gaya maka ta gode, yanzu ruwa ba zai ƙara shiga ɗakinta ba.

Ni ce yayarka,
Tabita.