Irin Kaka Sambo Ya Tsiro, Kuma Na Gane Hannunki

Bismillahir Rahmanir Rahim.
Hillat Sambo, gabas da Suki, tsakiyar damina.

Zuwa ga yayata Hannatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da Malam Omar da yara. Yaya Jidda, yaya zafinta? Mu nan alhamdu lillahi. Ruwa ya sauka sau biyar, tur'a, magudanar ruwan gonakin nan, ta cika har baki, sauro kuma ya dawo da iyalansa duka. Baba ya samu sauƙin ƙafar, jiya da kansa ya taka zuwa masallaci, ya dawo ya cinye kisra, gurasar dawar nan, har huɗu. Matata Nawal tana gaishe ki, cikin ya shiga wata na bakwai, kuma ta ce turaren da kika aiko ya ƙare tun tuni, kada ki ce ba a faɗa miki ba. Ɗayyabu ɗan garinmu zai koma bakin aikinsa can Jidda ranar Alhamis, shi zan ba takardar. Na zaɓi rubuto takarda maimakon kiran waya da gangan, don idan na kira ki za ki katse ni da dariya kafin in kai ƙarshe.

Kin san farkon maganata da ƙanenmu Mujtaba, amma daga bakin mutane kika ji. Bari ki ji daga bakin mai laifi. Ranar sadakar arba'in ɗin Inna baƙi sun fi yadda muka zata, gari ya ƙare, Nawal ta ce Mujtaba ya ɗauki dawa ya kai inji. Ya shiga ɗaki ya ɗauki ƙaramin buhu, wanda ya fi sauƙin ɗorawa a babur. Buhun iri ne, Yaya. Jar dawar nan da Kaka Sambo ya ƙullo a gefen riga tun daga ƙasar Sakkwato, wadda Inna take zaɓar kanta zangarniya zangarniya kowace kaka. Aka niƙa, aka tuƙa, muka ci. Ni har na ce a ƙaro mini, ina yabon tuwon, ina cewa rabona da irinsa tun Inna na da ƙarfi. Da la'asar na shiga ɗaki na ga wurin buhun fili. Abin da na faɗa wa ƙanena a gaban baƙi ba zan rubuta shi duka ba. Na ce masa bai san komai ba sai ƙwallo da Larabcin tasha, na ce ya niƙe kakanmu ya ciyar da gari, sannan na rantse da Allah ba zai sake taka hawasharmu, gonar gidanmu, ba muddin ina numfashi. Da safe ya hau mota zuwa Sinja, ya kama aikin gyaran raksha, keke mai ƙafa ukun nan, a bayan kasuwa. Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne, ni na sauko da buhun daga rataye saboda rufin yana yoyo, ni na jingina shi da buhunan ci, kuma ban sa masa alama ba.

Wata bakwai aka yi haka. Baba kullum sai ya tura kwano gefe bai ci ba. Dattawan ajawid, masu sulhun garin nan, sun zauna da ni sau biyu a ƙarƙashin dalbejiyar masallaci, sau biyun na kore su da baki. Suka kawo aya na kawo aya, suka kawo tarihi na gyara musu shekarun. Na tashi ina jin na yi nasara. Kin san halina, tun da na koya wa kaina karatu da jaridun ƙunshe ƙosan falafel nake ganin kowa a garin nan ɗalibina ne.

To kin tuna littafin nan marar bango da na tsinta cikin tsofaffin littattafan da ake shimfiɗawa a ƙasa a kasuwar Sinja? Wanda daga baya na gane na Yahudawa da Nasara ne, na je na tambayi Malam na masallacinmu, ya ce in karanta in ina so, amma kada in gaskata duka, kada kuma in ƙaryata duka? A cikinsa akwai labarin wani sarki da ɗansa ya yi babban laifi ya gudu, shekara uku uban yana kewarsa amma girman kai ya hana shi cewa a dawo da shi. Sai sarkin yaƙinsa ya aika aka ɗauko wata mata mai hikima daga wani ƙauye, ya ce ta sa kayan makoki, kada ta shafa mai, ta je gaban sarki da ƙarar da aka shirya mata. Ta je ta ce 'ya'yanta biyu sun yi faɗa a gona, ɗaya ya kashe ɗaya, dangi kuma suna so su kashe wanda ya rage mata. Sarki ya tausaya, ta yi ta jan sa har ya rantse ba mai taɓa yaron. Da ya rantse sai ta juyo masa da hukuncinsa, ta ce to naka ɗan fa? Sarki ya gane, ya tambaye ta ko da hannun sarkin yaƙinsa a wannan shiri. Labarin ya ba ni haushi ƙwarai lokacin da na karanta shi. Na ce wannan ba hikima ba ce, ƙarya ce da mayafi, kuma sarkin da tsohuwa za ta yi wa haka bai cancanci kujera ba. Riƙe wannan, zan dawo kansa.

Ranar wata Laraba da hantsi muna gyaran bakin ruwa a hawasha, ni da mutum shida da suka zo mini gayya, sai ga Gwaggo Asabe tana tahowa a kan gaɓar tur'a. Da ƙyar na gane ta. Farin tobi ne, wato lulluɓi, a jikinta irin na takaba, duk ƙura, ba kwalli, ba lalle, ƙafa a tsage kamar ba ta taɓa ganin mai ba. Gwaggo da ko zuwa bakin rijiya sai ta shafa humra! Na ce wa ya rasu? Ta ce ba wanda ya rasu sai zaman lafiyar gidanta. Ta zauna a ƙasa, ta ƙi tabarma. Ta ce ta zo wurina ne don an ce ni ne mai littattafai, dattawan garin kuwa duk na cinye su a gardama. Wai Ruqaya, ƙanwar marigayi mijinta, makauniyar nan da take zaune da ita shekara ashirin, ta lalubo tukunyar tsamin kisra ta zata ƙazanta ce, ta zubar ta wanke tas da toka. Tsamin da uwar Gwaggo ta ba ta ranar aure, wanda ba ta taɓa bari ya mutu ba shekara arba'in da biyar. Ta ce don haka ta ɗaure wa Ruqaya kayanta, gobe za ta sa ta a mota, ta je duk inda za ta je. Abin da take so kawai in rubuta mata takarda zuwa ga dangin.

Yaya, kaina ya yi zafi nan take. Na jefar da fartanya. Na ce Gwaggo, a kan ruɓaɓɓen ƙullu za ki jefar da mutum? Na ce wa ya ajiye tukunyar a inda makauniya ke wanke-wanke, ba ke ba? Na ce tsami ana roƙo a maƙwabta, Ruqaya kuwa a wace kasuwa za ki sayo wata? Ta sunkuyar da kai ta ce ai na gadon uwa ne, ba irin na maƙwabta ba. Na ce uwarki ta bar miki tsami ne don ki ciyar da mutane ko don ki kore su? 'Yan gayya duk suka dafa fartanya suna saurare, ni kuma ganin an taru sai na ƙara murya. Ta ce ita tsohuwa ce, kunnenta ya yi nauyi, in sake faɗa a gaban waɗannan bayin Allah. Na sake, da ƙari. Na ce wallahi duk wanda ya kori ɗan'uwansa a kan abin da aka yi bisa kuskure, ba gadon yake karewa ba, girman kansa yake karewa.

Sai ta miƙe, ta kakkaɓe tobinta a hankali, ta dube ni da idon nan nata. Ta ce tamam, ɗan Mati, Allah Ya ƙara ilimi. Ta ce Ruqaya tana gida tana shan gahawar jabana, tsami kuma yana tukunyarsa yana kumfa. Ta ce saura ka faɗa mini ƙarfe nawa motar Sinja take tashi.

Sai wani cikin 'yan gayya ya kasa riƙewa ya fashe da dariya, sauran suka bi. Da na buɗe baki, ni Zakariya, abin da ya fito shi ne, wa ya aiko ki? Ina faɗa na ji kunya ta biyu, don tambayar sarkin nan ce sak. Ta ce ita ba ta san wani sarki ba, ba ta san harafi ko ɗaya ba, mata suna wannan aiki tun kafin a ƙirƙiro takarda. Ta ce in ba ta ruwa, rashin mai ya sa fatarta na ƙaiƙayi tun asuba, kuma duk saboda ni.

Na koma gida na ɗauko littafin, na ci gaba daga inda haushi ya sa na rufe shi. Ashe sarkin rabin sulhu ya yi. Ya yarda ɗan ya dawo gari, amma ya ƙi ganin fuskarsa har shekara biyu, kuma ƙarshen abin bai yi kyau ba ko kaɗan. Wannan ya fi dariyar 'yan gayya tsorata ni, don abin da na shirya ke nan: in aika a ce ya dawo don Baba, ni kuma in riƙa bi ta ƙofar baya. Da safe na hau mota da kaina. Na same shi kwance ƙarƙashin raksha, baƙin mai har kunne, ya rame. Na yi sallama, ya leƙo, ya ce ya zol, wato kai mutumina, lafiya? Duk jawabin da na tsara a hanya ya gudu. Na ce masa ni na sauko da buhun. Ya ce ya sani. Wata bakwai ya sani, Yaya, bai faɗa wa kowa ba! Na ce to don me ka yi shiru, ɗan banza? Ya ce wa ke samun wurin saka magana in na fara? Muka zauna a kan taya muka ci waken ful a kwano ɗaya, ya ce sai in biya tunda ni ne babba.

Rantsuwata kuwa Malam ya ce in ciyar da mutum goma. Gwaggo ta ce ita za ta yi kisrar, da tsamin nan da bai mutu ba, Ruqaya kuma ta zauna a kan gaba ta ce a fara da ita, tunda an yi mata sharri a gona ba da saninta ba. Bayan an watse Gwaggo ta fito da gwangwanin madara daga cikin tobinta, ta buɗe. Jar dawa ce cikin toka. Ashe duk 'yar gidanmu da za a kai ɗaki sai an ƙulla mata tafi ɗaya na irin Kaka Sambo, ita kuma tana shuka nata a bayan danga kowace shekara. Dawar nan da nake wucewa kullum ina ganin ta kaji ce. Na miƙa hannu, ta buge shi, ta ce ba nawa ba ne, ta zuba a tafin Mujtaba. Na ce Gwaggo, kina da wannan kika bar mu wata bakwai? Ta ce da ta ba ni tun farko, da yanzu ina da iri ba ni da ƙane. Shi ya shuka layi goma sha biyu a gefen gabas, ni ina binsa ina rufewa da ƙafa. Yau kwana tara, ta tsiro duka sai rami uku.

Yanzu na dawo kan abin da na ce ki riƙe. Gwaggo ba ta karatu. Mutum ɗaya tak na taɓa ba labarin matar nan mai hikima, a saƙon murya na minti goma sha ɗaya, ina zaginta, har na faɗi maganar kayan makoki da rashin shafa mai. Kin amsa mini da alamar dariya guda ɗaya. Nawal kuma ta ce makon da abin ya faru Gwaggo ta ari wayarta sau uku, ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Don haka ba tambayarki nake ba, sarkin yaƙin Jidda. Na gane hannunki. Ban yafe miki dariyar 'yan gayya ba, har yau in na wuce sai wani ya tambaye ni lafiyar tsami. Amma na janye abin da na faɗa a kan matar littafin. Ban san ko labarinta ya faru ba, na Gwaggo dai a gabana ya faru.

Ki gaishe mini da Malam Omar da kyau, ki shafa kan Hiba da Abrar. Baba yana sa muku albarka. Nawal, Gwaggo Asabe da Ruqaya duk suna gaisuwa. Mujtaba yana zaune kusa da ni yanzu yana cewa rubutuna kamar tafiyar kaza, shi ma yana gaishe ki. A cikin ambulan za ki ga ɗan ƙulli, ƙwaya bakwai ce, Gwaggo ta ce ranar aurenki an manta ba a ba ki naki ba saboda saurin jirgi. Ki nemi ko tsohon bokiti ne ki shuka. Kuma ki rubuta suna a jikinsa, kada ki yi irin tawa.

Allah Ya sada mu da alheri. Wassalam.

Ƙanenki mai baki,
Zakariya Mati