Warƙar da na zare daga gafakar Malam

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe da mai kula da wannan shafi da masu karatu, manya da ƙanana, da fatan kowa yana lafiya tare da iyalinsa. Ina roƙon a sakaya sunana, kuma a karanta har ƙarshe kafin a yanke mini hukunci, domin ni da kaina ban gama tantance girman laifina ba.

Ni matashi ne a cikin birnin Katsina, na karanci Hausa a jami'a. Bayan na gama hidimar ƙasa, wani dattijo marubucin waƙoƙi, wanda zan kira Malam kawai, ya ɗauke ni ina mayar masa da waƙoƙinsa daga ajami zuwa boko. Shekara biyu muna tare a zaurensa. Ya koya mini abin da ban samu a aji ba, ya kuma riƙe ni kamar ɗansa. Allah ya yi masa rasuwa kwana talatin da huɗu da suka wuce. Tun ba a share makoki ba muhawara ta tashi a rediyo da shafukan sada zumunta. Wasu na cewa gagarabadau ne da ba za a sake irinsa ba, wasu na cewa waƙa ɗaya tak ya yi mai girma, sauran kuwa kowane mai alƙalami zai iya yin su. Waƙar da ɓangarorin biyu suka yarda da ita ita ce ta mutuwar jariri, wadda ya rera a rediyo tun ba a haife ni ba, kuma har yau mata na kuka idan an sa ta. Duk sunan Malam a kanta yake tsaye.

A kan wannan waƙa na rubuta kundin digirina. Tun a lokacin na lura cewa baitoci ukun ƙarshe, inda mai waƙa yakan ambaci sunansa da na mahaifinsa kamar yadda aka saba, suna ɗingishi a karin waƙa, alhali baiti arba'in da bakwai da suka gabace su babu ko gargada. Sai na rubuta cewa da gangan ya yi, wai baƙin ciki ne ya karya masa murya. Har yabo na samu a kan wannan sharhin.

Bayan addu'ar bakwai, babban ɗansa, wani Alhaji ma'aikacin gwamnati da ke zaune a GRA, ya miƙa mini gafakar takardun Malam domin in shirya littafin da za a ƙaddamar. Ya ce, “Malam ƙarami, kai ne ka san kan abin nan. In ka ga wani abu da bai dace ba, ka san yadda za ka yi.” A lokacin na ɗauka gyaran rubutu yake nufi. A ƙasan gafakar na tarar da tsohon kwafin waƙar, takarda ta yi ja don tsufa, cikin rubutu siriri wanda ba na Malam ba. Warƙar ƙarshe kuma, wato fallen takardar da waƙar ta ƙare a kansa, guda biyu ce. Ɗaya da hannun Malam, da baitocin nan masu ɗingishi. Ɗayar da wancan siririn hannun, baitocinta sun hau kari daram, kuma mai waƙar ta ambaci kanta a ciki: mace ce, ɗiyar mahaifin Malam, tana roƙon Allah ya haɗa ta da ɗanta. Ƙanwarsa ce, wadda muke kira Gwaggo, tana nan da ranta a unguwar Kambarawa. Ni da na ƙirga baitocin waƙar nan sau babu adadi, yaya aka yi ban taɓa tambayar kaina inda namiji ya san nauyin zanen goyo da babu kowa a cikinsa ba?

Ga laifina. Na zare warƙar, na sa ta cikin jakar da nake ajiye takardar digirina. Da Alhaji ya tambaye ni, “Komai ya cika?” na ce, “Ya cika, Alhaji.” Ya daɗe yana kallona kafin ya ce, “Madalla.” Mako guda bayan haka aka gayyace ni rediyo, wani malamin makaranta ya ce shi bai yarda hannu ɗaya ne ya yi wannan waƙa da sauran ba, ni kuwa na buɗe baki na ce na ga takardun da idona, babu shakka a cikinsu. Ni da nake tsayar da aiki yini guda a kan wasali ɗaya!

Tun daga ranar nake zargin kowa. Shin Alhaji ya san abin da ke cikin gafakar, ya ba ni don hannuna ya yi abin da nasa ba ya son yi? Shin Malam ya manta da warƙar ne, ko ya bar ta ne don wanda zai zo bayansa ya gani? Mutumin da ya shekara arba'in yana iya ƙona takarda bai ƙona ba, me yake nufi? Ƙwace waƙar ya yi, ko ita ta ba shi da kanta saboda a zamanin matar aure ba ta kai muryarta rediyo? Ba ni da hujja a kan ko ɗaya, kuma ba na son in ɗora wa mamaci abin da ban tabbatar ba.

Shekaranjiya Gwaggo ta aiko in kai mata gafakar. Bayan mun gaisa, mun sake yi wa juna ta'aziyya, ta ce, “Ɗan boko, an ce kai ne ka gaji alƙalamin. To, Allah shi sa ka hi shi riƙon amana.” Ta yi dariya, ni kuwa na kasa. Idonta ya yi rauni, don haka ta kai takardun dab da fuskarta tana juyawa a hankali. Ga wanda bai sani ba, tsofaffin takardun ajami ba a ɗinke su, sai a rubuta kalmar farko ta shafi mai zuwa a ƙasan kowace warƙa don kada su cakuɗe. Wannan ne na manta, ni da na karance shi a jami'a. Ta ɗora yatsa a ƙasan warƙa ta biyun ƙarshe ta ce, “Wagga tana kiran 'yar'uwarta, wadda ta amsa kuwa ba ita ba ce.” Na ce wataƙila tsufa ne ya ci takardar. Ta ce, “Tsuhwa kam yana ci. Amma ban taɓa ganin ya zaɓi guda ya bar sauran ba.” Na yi ƙarfin hali na tambaye ta ko ta san wanda ya yi wancan rubutun. Sai ta ce, “Mi za ka yi da sani? Yayana ya tahi, ɗana ya riga shi.” Ba ta nemi in ba ta warƙar ba. Da zan fita ta ce in dawo ranar Juma'a bayan la'asar in karanta mata waƙar, “har ƙarshe, ka ji, kar ka rage mini.”

Ranar Litinin za a kai littafin maɗaba'a, da sunan Malam a kan waƙar da kuma gabatarwata mai tabbatar da hakan. Idan na fito da warƙar, na rushe sunan mutumin da ya rene ni, ba tare da ya iya kare kansa ba, na kuma bayyana kaina maƙaryaci a gaban duk wanda ya ji ni a rediyo. Idan na yi shiru, Gwaggo za ta bar duniya babu wanda ya san ita ce uwar da ke cikin waƙar, kuma wannan karon da hannuna aka goge ta. Ban ma san ko tana son a sani ba.

Jibi Juma'a. Zan zauna a gabanta da ƙarshe guda biyu, ɗaya a gafaka, ɗaya a jakata, kuma ta san da duka biyun. Don Allah jama'a, me zan yi?